Mota Mai Gado da Baƙon da Ya Ƙi Tashi

Jiya na ji ɗayanku, ba zan kama suna ba amma ga shi can yana sosa ƙeya, yana cewa dillancin mota ba sana'a ba ce, zaman benci ne da shan shayi. Wai ka ɗauki hoton mota da waya, ka watsa, ka miƙe ƙafa la'ada ta zo ta same ka. Ban tanka ba don lokacin akwai goro a bakina. Yau bakina fes yake, sai ku ajiye wayoyin nan ku gyara zama.

Ni a hannun marigayi Alhaji Sale Gajere na koyi aikin nan, a wannan filin na Yelwa da kuke zaune, tun darbejiyar can ba ta kai ƙuguna ba. Kakansa da kakana tare suka shigo Garwa da fatauci daga ƙasar Katsina, shi ya sa babana ya damƙa ni a hannunsa ba tare da doguwar magana ba. Na zo da tunanin gobe-gobe zan fara tuƙa motocin mutane ina ɗaga wa 'yammata hannu. Bokiti ya miƙo min da tsumma. Na yi shekaru ina wanki ina ƙunƙuni, sai daga baya na gane dalili: hannun da ya saba wanke mota ya san inda aka daddaƙe ta, ko da fenti ya rufe wurin.

Mota ta farko da ya bar ni na duba ni kaɗai wata a-kori-kura ce daga garin Figil. Ta ƙare ƙuruciyarta tana jigilar farar ƙasa, aka watsa mata shuɗin fenti tana ta ƙyalli. Ranar Alhaji Sale ya ba ni kayan aiki, su ne har yau a aljihuna: ɗan mayen ƙarfe a ƙulle cikin ƙyalle, da farin hankici. Mayen ƙarfen kana bin jikin mota da shi a hankali, inda ƙarfe ne zai manne, inda aka cike rami da mastik, ƙullin nan na masu fenti, zai faɗi. Hankicin kuma kana kara shi a bakin salansa a ba ta wuta. In ya dawo da baƙin maiƙo, injin yana shan mai, ko da me mai motar ya rantse. Kafin wannan duka ka ɗora tafin hannu a kan murfin inji. In ka ji ɗumi da sassafe, an riga an tashe ta kafin ka iso don kada ka ji irin tarin da take yi. A jikin motar Figil ɗin nan mayen ƙarfena bai sami wurin kamawa ba sai a makullin ƙofa.

Amma wannan aikin hannu ne, kowane gaula zai koya. Aikin gaske a baki yake. Mutum zai kawo motarsa ya bar ta a filinka, ba ka saya ba, ba taka ba ce, amana ce. Ku yi magana a kan abin da zai sallama, ya tafi harkarsa, in ka sayar ka cire la'adarka ka ba shi nasa. A nan Alhaji Sale ya hore ni da abu biyu, har da ranƙwashi. Kada ka kuskura mai mota da mai saye su haɗu, don ranar da suka haɗu kai ka zama ɗan kallo. Sannan ko mai mota yana bayan shago yana sharar hawaye, abin da za ka ce wa mai saye shi ne, mai ita ba ya gaggawa. In ya ji ƙanshin matsi, rabin kuɗi zai taya. Na faɗi maganar nan ta fi a ƙirga. Na taɓa faɗinta a kan motar mutumin da jandarmomi ke nema saboda bashi, yana ɓoye a bayan buhunan gawayi yana jina, fuskata ko gezau.

To, shekarar da ta fi kowace muni ita ce wadda tsaro ya lalace can arewa, Turawa masu yawon buɗe ido suka ɗauke ƙafa, kan iyaka kuma yau a buɗe gobe a rufe. Kowa mai sayarwa ne, babu mai saye. Filin nan ya cika maƙil, har kaji suka fara ƙwai a cikin wata tasi. A wannan shekarar ce Zakariya ya shigo da abin can da kuke gani a gindin darbejiya, wanda kuke laɓewa a inuwarsa kuna kallon ƙwallo.

Zakariya mutumin duwatsun wajen Gidar ne, Kirista, dattijo mara hayaniya, Hausarsa irin ta kasuwa. Rabin rayuwarsa ya yi yana tuƙa wani Bature da baƙinsa zuwa kallon namun daji, shi ne direba shi ne kuku. Da Baturen ya tattara zai koma ƙasarsu, bai da abin sallamarsa, sai ya sa hannu a takardun motar ya bar masa ita. Mota kuwa ba irin wadda muka sani ba. Gaba mota, baya ɗaki. Gado biyu, murhun gas, ɗan firji, fanka, teburin da ke naɗewa ya shige bango, tankin ruwa, har da makewayi wanda mai ƙiba zai shiga da addu'a. Fulanin unguwa suka sa mata suna Suudu, wato ɗaki, sunan kuma ya bi ta.

Na fito da mayen ƙarfena a gaban jama'a don su ga aikin gwani. Na kara a gefe, ya faɗi. Na kara a baya, ya faɗi. Na ce a raina shi ke nan, motar Figil ta sami yaya. Zakariya ya bari sai da na gama zagaye ina tsintar abina a ƙasa, sannan ya matso ya raɗa min cewa bayan motar duka ba ƙarfe ba ne, wata irin roba ce mai tauri, haka aka ƙera ta. Na ce ai na sani, gwada ta nake. Injin kam lafiyayye ne, hankicina ya dawo fari kamar yadda ya tafi.

A tsaye Zakariya ya gaya min abin da ke gabansa, ko zama bai yi ba. Ya kashe ɗan abin da ya tara ya ta da ginin tubalin laka a garinsu, bango ya kai inda ake so, saura kwano da katako. Shi da matarsa da jikoki suna cushe a tsohuwar bukka ɗaya. Ginin laka kuwa kun sani, ko da yake ina za ku sani tunda a siminti aka haife ku: in damina ta same shi ba rufi, narkewa yake ya koma inda aka ɗebo shi. Lokacin muna farkon bazara, zafin Garwa ya fara gasa mutane. Na ce ya kwantar da hankalinsa, kafin ruwa ya sauka kwanonsa na kan gini.

Masu kallo kam na samu, Garwa kaf ta zo. Wani mai motocin haya ya auna cikin da taku, ya ce in an fitar da gadajen da sauran tarkace za ta yi layin Marwa, ya taya abin da ko ƙafafunta bai saya ba. Wata Hajiya ta zo da ƙawayenta suka buɗe kowane kabad, suka yi hoto a kan gado, suka tafi ko tayi babu. Wani makiyayi ya tambaye ni ko maraƙi zai shiga ta ƙofar. Tambayar da kowa ke ƙarewa da ita ita ce, mutum da gidansa me zai kai shi kwana a mota, ko korarsa aka yi? Har yau ban sami amsar da ta gamsar da ni kaina ba.

Ana haka Allah ya jeho Alhaji Bawa Mai Kifi daga Tibati, babban ɗan kasuwa, bandar kifi yake kawowa Garwa buhu-buhu. Ƙato ne mai fara'a, muryarsa tana riga shi shiga wuri. Ya zagaya ta, ya shiga, ya zauna a gado ya gwada laushinsa, ya buɗe firji ya sa kansa ciki ya daɗe bai fito ba. Ya tambayi ta wace ce. Na ce asalinta ta wani Bature ce, wanda gaskiya ne, na ɗora da karatuna na kullum, mai ita ba ya gaggawa. Ya ce madalla, shi ma ba ya son gaggawa a ciniki. Ya taya, na ce albarka.

A gidajenmu tun kakanni, mai saye in ya zo daga nesa baƙon dillali ne. Kai za ka sauke shi, ka ciyar da shi har ciniki ya faɗa ko ya watse, kuma ba a tambayarsa yaushe zai tafi. Na ce bari in aika a share masa ɗakin baƙi. Ya ce haba, don me za a wahalar da iyali ga ɗaki a nan? Ai mota in za a saya tuƙa ta ake a gwada, wannan kuwa tunda ɗaki ce, gwajinta kwana ne. Na juya maganar ta kowane gefe ban ga inda zan kama ta ba. Da hannuna na ja masa wayar lantarki daga shago.

Washegari ya fito da butarsa ya ce gado ya yi, sai dai bai gama fahimtar fankar ba. Ya ƙara jaka guda ta sefa, wato dubu ɗaya, a kan tayinsa, abin da ba zai cika tankin babur ba. Na ce albarka. Kashegari firji yake nazari, ya ƙara jaka guda. Nan na gane ramin da na faɗa. Ku da kuke sayar wa mutum uku mota ɗaya a waya ba za ku gane ba, amma a wurinmu muddin mutum ya taya bai kuma ce ya fasa ba, cinikin nasa ne, ba mai shiga a kai. Alhaji Bawa ya san wannan sarai. Kullum da safe zai ɗora jakarsa guda kamar mai watsa wa kaza tsaba, cinikin ba ya mutuwa ba ya girma. Wani ma'aikacin kamfanin auduga ya zo, da gaske yake kuma da ƙarfinsa. Ya hango takalman Alhaji a bakin ƙofar Suudu, ya tambaya, aka ce akwai magana a kai, ya ce Allah ya sanya alheri ya juya. Na raka shi har bakin titi ina ji kamar in kwanta in yi birgima.

Kafin a jima Alhaji ya ɗaura igiyar shanya daga madubin mota zuwa reshen darbejiya. Dillalan kifi suka gane wuri, suka riƙa kwaɗa sallama a ƙofar mota, buhunan banda suka fara sauka a gefenta, kuliyoyin Yelwa duk suka yi ƙaura zuwa filina. Maiɗakina safe, rana da yamma tana aiko kwano, yana komawa tas, har da saƙon a ƙara yaji. Ta tambaye ni ko baƙon nan haihuwarsa muka yi ba ta sani ba. Wani yammaci muna shan shayi ya buɗe min cikinsa. Ya ce gidansa na Tibati ya fi kasuwa cika, 'ya'ya, jikoki, surukai, masu neman taimako tun asuba, tunda ya girma bai taɓa rufe ƙofa ya ji shiru ba sai a motar nan. In ya saya ya kai ta gida, a yini ɗaya jikoki za su mai da ita filin wasa. A nan kuwa lafiya lau, kuma tunda mai ita ba ya gaggawa, mene ne abin sauri?

Dabaru babu wadda ban gwada ba. Na zare wayar lantarki na ce an ɗauke wuta, ya fito ya nuna min ƙwan shagona yana ci. Na ce makanike zai buɗe inji, za a yi ƙara da hayaƙi, ya ɗauko kujera ya zauna yana ba makaniken shawara, ƙarshe tare suka cinye tuwona. Na kai kuka wurin dattawan kasuwa, suka saurare ni har na gama. Suka tambaya ko ya ce ya fasa, na ce a'a. Ko ya ci mutuncina, na ce a'a. Suka ce to baƙonka ne, cinikinsa ne, sai haƙuri. Ɗayansu ma ya bi ni waje yana tambaya ko gaskiya ne ruwan firjin har haƙori yake kamawa.

Shi kuwa Zakariya yana ta zuwa daga Gidar a motar haya, ni kuma ba na barinsa ya ƙaraso filin. A wurin mai shayin bakin titi nake tare shi, in ce ana kan magana, mai sayen babba ne, ya ƙara haƙuri. Ba ya musu. Sai dai ya ɗaga kai ya dubi gabas, inda hadari ya fara haɗuwa da yamma yana watsewa, ya ce ya rufe kan bangon da zana da tsofaffin buhuna ya danne da duwatsu. Ran nan ya ce min, "Malam Hamisu, ni ban san ciniki ba. Laka na sani." Wallahi kunya ta kama ni, shayin ma kasa shanye shi na yi.

Ranar da abin ya fashe da la'asar ne, ina cikin shago. Iska ta taso, gari ya rufe, ruwan farko ya tsuge. Zakariya ya sauka a bakin titi bai same ni wurin mai shayi ba, ruwa ya kama shi, ƙafarsa kuma ta kai shi inda ta saba. Ina leƙowa na hango shi a ƙofar Suudu, Alhaji Bawa yana jan hannunsa yana cewa bismilla dattijo, shigo, ka ɗauka gidanka ne. Na fita a guje ba hula, takalmi ɗaya ya maƙale a taɓo, na faɗa ciki a bayansu.

Alhaji ya ba shi tawul, ya zaunar da shi a gado, ya shiga fama da murhu zai dafa masa shayi, ashana na ta mutuwa. Zakariya ya miƙa hannu ƙarƙashin tebur ko dubawa bai yi ba, ya murɗa wani abu, wuta ta kama. Alhaji bai lura ba, yana can yana yabon masaukinsa, wai a ji irin ruwan nan amma ko ɗigo ɗaya babu, Bature ya iya rufi. Ya tambayi baƙonsa daga ina, ya ce Gidar. Ya ce to ya damina a wajenku, an shirya mata? Na yi tari. Na taka ƙafar Zakariya da ƙafata mai taɓo. Bawan Allah ya janye ƙafarsa ya matsa min, a zatonsa wuri ne ya yi min kaɗan.

"Hadarin nan ta wajenmu ya biyo," in ji shi. "Ginina ba rufi. Ina jiran a sayar da mota in sayi kwano."

Alhaji ya ce Allah sarki, wace irin mota ce, ya faɗa masa ko ya samo masa mai saye, don shi yana da jama'a.

"Wannan ce, Alhaji."

Alhaji Bawa ya dubi igiyar shanyarsa ta taga, ya dubi kwanukan gidana a kan tebur, sannan ya juyo kaina. Ban taɓa ganin fuskarsa ba dariya ba sai ranar.

"Malam Hamisu, ba kai ka ce min mai ita ba ya gaggawa ba?"

Na ce ranka ya daɗe, haka ake cewa.

"Haka ake cewa," ya maimaita. "Ni kuma ina nan ina juyi a ƙarƙashin rufin bawan Allah, nasa gidan yana narkewa."

Bisa karatun Alhaji Sale, nan ne mai saye zai gyara zama ya raba kuɗi biyu, tunda ya ga cikinmu. Ni har na fara shirya kalmomin roƙo. Bai taya ba. Kai tsaye ya tambayi Zakariya nawa ya ce a sayar, a gabana, ni dillali ina tsaye da takalmi ɗaya. Zakariya ya faɗa. Alhaji ya ce ya saya, ya ɗauko waya ya kira mutanensa na kasuwa ya ce a haɗo kuɗin kifi duka a kawo, a kuma nemo mai sayar da kwano ko ya rufe shago ya buɗe.

Da gari ya waye aka ɗaure kwano da katako a saman Suudu. Zakariya ya hau mazauninsa na da, ya tashe ta bugu ɗaya. Alhaji ya ce dama bai taɓa ganin ta tana tafiya ba, sai a haɗa da gwaji. Muka ɗauki hanyar Marwa muka nufi Gidar, ni a gaba, mai sabuwar mota a baya kwance a gado yana gaida jandarmomi ta taga. A garin su Zakariya muka tarar kusurwa ɗaya ta zube, sauran ginin na tsaye, zanar da buhunan sun yi iya yinsu. Matarsa ta fito ta tsaya tana kallon kwanon da ake saukewa, sai ta kama bakin zanenta ta rufe fuska. Alhaji bai yarda mun bar garin ba sai da aka buga ƙusa ta ƙarshe, yana zaune a ƙofar motarsa yana ba kafintoci shawarar da ba su nema ba.

La'ada na karɓa, maiɗakina ta ce ko kuɗin yaji ba ta mayar ba. Kuma kada wani cikinku ya fita ya ce Baba Hamisu ya ce a riƙa haɗa mai kaya da mai saye. Ku gwada da wanda ba Alhaji Bawa ba ku ga yadda za a tuɓe ku a tsakiyar kasuwa. Har gobe ina cewa mai ita ba ya gaggawa, sai dai yanzu kafin in faɗa nakan ɗaga kai in duba ko akwai hadari.

Da muka dawo Garwa na ce to Alhaji, wa zai tuƙa maka ita zuwa Tibati? Ya ce wace Tibati? Ya sa aka mayar da ita daidai inda take a gindin darbejiya, ya sake ɗaura igiyarsa, ya miƙo min makulli ɗaya ya riƙe ɗaya. Ya ce ya bar min ita amana in sayar masa, kamar yadda ake yi. Na tambaye shi nawa zai sallama.

"Duk wanda ya taya ka ce masa albarka," in ji shi. "Mai ita ba ya gaggawa."

Tun daga ranar tana nan, duk zuwan da zai yi Garwa kuma a ciki yake sauka. Ga takalmansa can a bakin ƙofa, jiya ya iso. Kai mai cewa zaman benci ne, tashi ka je gidana ka karɓo masa tuwo, ka ce wa Hajiya a ƙara yaji.